Bam ba zai faɗo a Jega ba, yunwa ce za ta iso

Ya kai mai karatu, duk sanda manyan ƙasashe suka yi wa juna barazana da makaman nukiliya, sai saƙonni su cika wayarka: sayi wannan ƙwaya, tara wancan abincin gwangwani. Masu wannan shawara ba su san Jega ba, ba su san Aliero da Maiyama ba. Da wuya wani ya ɓata bam a kanmu. Abin da zai iso mu shi ne hayaƙin biranen da suka ƙone, wanda zai tare rana, ya sanyaya duniya, ya rage damina shekaru a jere. Wani nazari da masanan Jami'ar Rutgers ta Amurka suka jagoranta a 2022 ya ƙiyasta cewa yaƙi tsakanin Amurka da Rasha zai iya kashe mutane fiye da biliyan 5 ta hanyar yunwa, akasarinsu a ƙasashen da ba a harba musu komai ba.

Ita kuwa yunwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun ga Kakalaba a 1914, iyayenmu sun ga farin 1973, a 2005 kuma mutanen karkarar Nijar sun koma cin anza. Ba gwangwani ne ya raya waɗanda suka rayu ba. Rumbu ne, da ganyen da mata suka shanya tun kaka.

A nan ne nake da ƙorafi a kanka, maigida. Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa a Birnin Kebbi a 2015, gero ya zama kamar abincin wanda bai ci gaba ba. Shinkafa ba laifi ba ce, amma ka tuna ambaliyar 2020, yadda ruwa ya shanye gonakinta a jihar nan cikin 'yan kwanaki. Gero yana nuna da ruwa kaɗan, damin da aka zuba a rumbu mai kyau kuma yakan yi shekaru. Duk da haka, da kaka ta yi sai ka kwashe hatsin zuwa kasuwar Jega, da bazara ka dawo kana awo da tsada, da kuɗin da ya riga ya zube daraja. Wannan gida ba ya buƙatar yaƙin nukiliya kafin tamowa ta kama 'ya'yansa.

Ke kuma uwargida, kada wani ya raina miki kuka da zogale da busasshiyar kuɓewa. Tuwon gero zalla yana cika ciki, amma ba ya gina jikin yaro. Wake, ƙuli-ƙuli, daddawa da kifin banda su ne ke gina shi, ganye kuma ya ba shi sinadaran da jini da ido ke bukata. Ki shanya zogale a inuwa, don rana tana rage masa amfani. Albasar Aliero da ke ruɓewa a ajiya kowace shekara, da an yanka wani kaso an busar, an yi gabu da ganyenta, da miya ba ta rasa ɗanɗano ba har wata kakar. Wake kuwa a zuba shi a buhu mai ninki uku da ba ya shan iska, a daina barbaɗa masa maganin ƙwari.

Ba duk abin da ke kashe yunwa ne ke barin mai shi lafiya ba. Rogo mai ɗaci yana ɗauke da guba; sai an fere, an jiƙa kwanaki, an shanya ko an dafa sosai. Anza ma sai ta kwana da kwanaki a ruwa ana sauya mata shi. Gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna tana lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe wannan guba.

Idan har ƙurar nukiliya ta iso, abin da ke rufe a rumbu, a randa ko a tulu ya fi aminci. Bayan hatsarin Chernobyl a 1986, nonon shanun da suka yi kiwo a gurɓatacciyar ciyawa ne ya jawo wa dubban yara sankarar gaɓar thyroid da ke wuya. Ƙarfin sinadarin da ya yi ɓarnar yana raguwa da rabi duk kwana 8, don haka a makonnin farko ne za a ƙaurace wa nonon kiwo. Jariri dai a ci gaba da ba shi mama. Ƙwayar ayodin da ake tallata maka wannan gaɓa ɗaya kawai take karewa, ba a shan ta sai hukumar lafiya ta ce a sha, kuma gishirin miya, komai yawansa, ba ya maye gurbinta.