A Fayyace Iyaka Tun Kafin A Kai Ga Kotu

Duk mai halartar kotunanmu ya san irin ƙarar da ake kaiwa a kan gini ɗaya mai mamallaka da yawa, kamar gidan gado da aka raba ɗaki-ɗaki, ko benen kasuwa da aka sayar shago-shago. Idan daɓen sama ya yi yoyo ya ɓata hajar na ƙasa, wa zai gyara? Bangon da ke tsakanin shaguna biyu na wane ne? Takardar ciniki takan ambaci lambar shago kawai ta yi shiru, daga nan sai gaba ta shiga tsakanin 'yan'uwa da maƙwabta.

Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan babi ba. A cikin Risala, Ibn Abi Zaid ya ɗora gyaran ginin ƙasa da azarar rufinsa a kan mai ƙasa. A cikin Muhtasar, Shaihu Halil ya halatta sayar da sararin da ke saman gini, bisa sharaɗin a siffanta ginin da za a yi. Haka kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Ashe tushen maganin husuma shi ne siffantawa da rubutawa.

A yau Allah Ya hore wa magina wata hanyar siffantawa, wato samfurin gini na kwamfuta da ake kira BIM. A cikinsa ana ganin kowane bango da ginshiƙi da bututu da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa, kuma ana iya nuna wanda ya mallake shi, ko a nuna cewa na tarayya ne, kamar matakala da rufi. A jihar Victoria ta Ostareliya, zanen rabon gini yakan fayyace ko iyaka tana fuskar bango ta ciki ne, ko tsakiyarsa, ko fuskarsa ta waje. Amma a kan takarda wannan layi ne da sai ƙwararre ke ganewa, shi ya sa masana a Jami'ar Melbourne suka duƙufa wajen nuna iyakokin a cikin samfurin. A Holan kuwa, a 2016 an yi rajistar mallakar tashar jirgin ƙasa ta Delft da zane mai nuna tsawo da faɗi da zurfi, domin hanyar jirgin tana ƙarƙashin ƙasa, ofisoshin hukumar birni suna samanta.

Sai dai mu sani, samfurin ba zai amfanar ba sai ya dace da ginin da ke tsaye, an yi masa rajista a ofishin filaye, shaidu sun sa hannu, an kuma gyara shi duk lokacin da aka rushe bango ko aka ƙara hawa. Mai ganin tsadarsa ya auna ta da shekarun shari'a da yankewar zumunci.

Saboda haka muna kira ga masu gina benaye don sayarwa, da masu rabon gado, da hukumomin filaye, da su fayyace iyakar kowa tun kafin a miƙa makulli. Allah Ya tsare mu daga cin haƙƙin juna, amin.