Hunturu: Can Yana Kawo Baƙi, Nan Yana Kwashe Mana Matasa



A tsibirin Hokkaido da ke arewacin Japan akwai wani yanki na manoman dankali, ana ce masa Niseko. Daga Disamba zuwa Maris dusar ƙanƙara kan binne gonakinsu, noma ya tsaya cak, kamar yadda namu ke tsayawa bayan kaka. Amma a lokacin ne garin ke cika maƙil. Baƙi daga Ostireliya da sauran ƙasashe na zuwa wasan zamiya a kan tsaunuka, su yi wanka a maɓuɓɓugan ruwan zafi, su biya masauki da abinci. Aiki kan yi yawa har sai an ɗauko ma'aikata daga waje.

Mu fa? Da an zuba gero a rumbu, sai tasha. Wannan ya nufi Katsina, wancan Kano ko Legas ci-rani, a bar gari da tsofaffi da mata da yara.

Wani zai ce ai mu ba mu da ƙanƙara. Gaskiya ne. Amma ga tafkin Madarunfa, ga kaburburan waliyyai 99 a gefensa, waɗanda Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006. Ga tsuntsayen da ke sauka tafkin lokacin sanyi, ga dajin Baban Rafi a bayan gidanmu. Abin kallo ba mu rasa ba.

Abin da muka rasa shi ne kwanciyar hankali. Ba wanda zai ɗauko iyalinsa ya zo inda ake satar shanu da mutane. Saboda haka tsaro shi ne farko, sannan hanya, da wuri mai tsabta, da matasan da suka san tarihin wurin. Kuma ba sai mun jira Turawa ba. Mutanen Maraɗi kaɗai sun isa mu fara.

Sai dai a yi hattara. A Niseko 'yan waje sun sayi filaye, tsada ta hau kan 'yan gari. Idan namu ya tashi, mai kwalekwale da mai soya kifi da mai masauki su zama 'ya'yanmu.

Hukumomi da sarakunanmu, ku duba wannan magana. Ku kuma masu bibiyarmu, me kuka gani?