A sauke mota, a kuma biya a ɗaga ta

A Turai da Amurka akwai samarin da ke sauke motocinsu har cikinsu ya kusa shafar kwalta, ta hanyar sa amortisar masu resor da ake murɗawa. Kyau kam akwai shi. Amma da an tarar da tudun rage gudu, sai hancin mota ya daki ƙasa, wani lokaci har kaskon baƙin mai ya fashe.

Maganin da suka samo shi ne ƙoƙon iska da ake ɗorawa bisa resor, haɗe da kwamfaresa da ɗan tanki a bayan mota. Direba ya danna maɓalli, gaba ya tashi kamar santimita 5. In ya wuce, ya saki iskar. Ba a gudu da shi yana cike. Dabarar ma ba sabuwa ba ce: tun 1955 Citroën DS ta fito tana ɗaga kanta da ƙarfin mai.

Wanda dillali ya kawo wa irin wannan mota, ya duba robar da ke riƙe iskar kafin ya taya. Ƙura ce ajalinta, kuma santimita 5 ba su fid da mota daga rairayin hanyar ƙauye.