Jirgin Kara Ba Wasan Banza Ba Ne

Wata rana ina wucewa ta wani lungu a cikin birnin Kano, sai na iske wani yaro zaune a gindin katanga yana kuka. A gabansa ga karmami da gutsattsarin kara warwatse. Na tambaye shi abin da ya faru. Ya ce kwana uku ya yi yana haɗa jirgin ƙasa na kara, wansa ya zo ya tattake, wai wasan banza ne. Ni kuwa ina ganin wan nan nasa ya yi kuskure. Ku saurara ku ji dalilina.

Da fari, ku san irin jirgin da yaron ya ke kwaikwayo. Hanyar dogo ta iso Kano daga Baro, a bakin kogin Kwara, cikin shekarar 1911, zamanin Sarkin Kano Abbas. Aka gina tasha a bayan ganuwa. Kafin sa'an nan fatake ne ke ɗaukar kaya bisa jakuna da raƙuma da takarkari. Da jirgi ya zo, sai cinikin gyaɗa ya bunƙasa, har aka riƙa jibge buhuna su yi tsini, ana ce da su dalar gyaɗa. Jirgi ne ke kwashe su zuwa Ikko.

Kan jirgi na wancan zamani da tururi ya ke tafiya. Kun taɓa ganin yadda murfin tukunya ke rawa in ruwa ya tafasa? To, asirin ke nan. A kan zuba kwal na Inugu cikin murhu, wuta ta tafasa ruwan da ke cikin wata doguwar tukunya. Tururi ya bi bututu da ƙarfi, ya tura wani ƙarfe gaba da baya. Shi kuma ƙarfen ya ja sandunan da ke haɗe da ƙafafu, ƙafafu su juya. Wani Bature, George Stephenson, da ɗansa Robert, su suka yi suna wajen ƙera irinsa a Ingila, musamman da wanda suka kira Rocket a 1829.

Daga 1955 aka fara kawo masu aiki da man dizal Nijeriya. Sannu a hankali masu tururi suka kau. Yau ba wanda zai tsaya a tashar Kano ya ga baƙin hayaƙinsu, ko ya ji hucinsu. Abin da ido ya daina gani kuwa, zuciya ta kan manta da shi. Saboda haka yaron da ya zauna ya siffanta jirgin nan, tarihin garinsu ya ke adanawa, ko da shi bai sani ba.

Na biyu, aikin nan lissafi ne. A Turai har dattawa su kan ƙera ƙananan jiragen tururi, kome da kome daidai da na gaske, sai dai an rage girmansa sau 76 ko sau 87. Ku ma kuna iyawa. Ku ce kowane inci 1 ya tsaya a madadin ƙafa 1. Faɗin tsohuwar hanyar dogo ta Kano ƙafa 3 ne da inci 6. Watau ku bar inci 3 da rabi tsakanin karanku biyu. In tarago ya kai ƙafa 30, naku ya zama inci 30. Wanda ya yi haka ya koyi awo da hannunsa, ba zai manta ba.

Wani zai ce, "Ai wannan zai hana yaro karatu da aike." Gaskiya ne, in yaro ya bar allo da littafi ya shiga fiƙar kara tun safe, lalle a tsawata masa. Kome da lokacinsa. Amma in ya gama abin da aka sa shi, a bar shi da karansa. Kano garin masu sana'a ne. Maƙera da marina da dukawan kasuwar Kurmi duk tun suna ƙanana suka fara, da ɓatawa da gyarawa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

To, yara, ga shawarata. Bayan kaka ku tara karan dawa. Totuwa ta yi jiki, ɓawon kara ya yi ƙusa, gwangwanin madara ya yi tukunya, marafan kwalba su yi ƙafafu. Ku roƙi malaminku ya nemo muku hoton jirgin tururi. Ku je wurin kakanninku, ku tambaye su yadda ya ke, gama da yawansu sun shige shi. Sa'an nan ku auna kafin ku yanka. In na farko ya karkace, ku sāke wani. Wanda ya iya ƙaramin yau, shi a ke sa ran zai ƙera babban gobe, in Allah ya so.

Tambayoyi

1. A wace shekara hanyar dogo ta iso Kano?
2. Me ke juya ƙafafun jirgin tururi?
3. In tarago ƙafa 24 ne, inci nawa naka zai zama?