Kwalliyar da Ba Ta Biyan Kuɗin Sabulu

Wata aƙida ta yi kaka-gida a zukatan masu buɗe shafukan intanet na labarai da bayanai: wai in shafi bai sha ado ba, mai talla ba zai kalle shi ba, mai karatu ma raina shi zai yi. Shi ya sa da zarar an tashi buɗe shafi, abin da mai shi ke fara faɗa wa wanda zai tsara masa shi ne, "Ina so ya fito kamar na manyan kafofi." Sai a lafta hotuna masu zamewa a sama, da bidiyo mai kunna kansa, da akwatin da ke faɗo wa mutum yana roƙon ya yi rajista, ga launuka kamar ana bikin kamu. Ni dai a ganina wannan aƙida ɓata ce, kuma masu ita ne suka fi kowa tafka asara.

Mu fara da kuɗin, tunda shi ake nema. Tun da Google ya fito da tsarin tallansa na AdSense a 2003, yawancin ƙananan shafuka da talla suke rayuwa, talla kuwa ba ya kawo ko sisi sai an gan shi ko an latsa shi. Ma'aunin da masu harkar ke bi a Amurka ya ce ba a kirga tallan hoto a matsayin wanda aka gani sai rabinsa ya bayyana a fuskar waya ko kwamfuta na daƙiƙa ɗaya cur. To, a 2016 Google ya fitar da binciken da ya nuna kashi 53 cikin 100 na masu shiga shafi ta waya kan juya baya in ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. A lura, mai wannan magana dillalin talla ne, ba maƙiyinsa ba. Wanda ya fice kafin shafi ya gama buɗewa bai karanta labari ba, bai ga talla ba, kuma da wuya ya dawo. Duk hoton da aka ƙara don burgewa, nauyi ne aka ƙara tsakanin mai shafi da abincinsa.

Sannan wa ke biyan kuɗin adon? Mai shafi kan duba aikin a babbar kwamfuta a ofis, inda intanet ke gudu, ya gyaɗa kai ya ce ya yi. Mai karatunsa kuwa yana Gusau ko Maraɗi da ƙaramar waya, sabis na zuwa yana ɗaukewa, da datar kwana ɗaya da ya saya. Farashin masara ya shigo dubawa, ko ranar jarrabawa, sai aka sa shi sauke bidiyon da bai nema ba da kuɗin aljihunsa. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin sadarwa a Najeriya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin 100. Bayan wannan, duk wanda ke cinye wa mutum data a kan ƙyale-ƙyale bai da bakin kuka in an guje shi. Ba banza ba burauzar Opera Mini ta samu karɓuwa a wajenmu: matse shafi take yi ya rage nauyi, kuma tun 2016 tana ɗauke da abin toshe talla. Mai shafi mai nauyi da hannunsa yake tura jama'a ga maganin da zai kashe masa kasuwa.

Wani abin takaici da ya shafe mu kai tsaye shi ne rubutun kansa. Da yawa daga salon haruffan ƙawa da masu tsara shafi ke so ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Sai ka ga kanun labari ya fito da harafi ɗaya ya bambanta da 'yan'uwansa, ko ɗan akwati ya maye gurbinsa. An biya kuɗi don a yi kyau, an ƙare da rubutun da ba ya karantuwa.

Za a ce ai manyan kamfanoni ba sa kai tallansu shafin da bai da fasali. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya ga mujallar kayan ado ko ta motoci, inda hoton shi ne hajar, kuma ake zama da kamfani a yi ciniki ido da ido. Amma shafin bayanai mai dogaro da AdSense da ire-irensa, na'ura ce ke yin gwanjon gurbin tallansa cikin ƙiftawar ido, tana duba wane ne mai karatun, daga ina yake, me shafin ke magana a kai. Ba ruwanta da launin da aka shafa.

Ado ma yakan ci amanar mai shi. A 1998 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Rice ta Amurka, Benway da Lane, sun gano cewa idon mai karatu kan tsallake duk abin da ya yi kama da allon talla, ko da bayanin da yake nema ne a ciki. Wato in ka ƙawata muhimmin saƙonka da launi da girma, kana iya ɓoye shi ne da kanka. Google kuma ya daɗe da ɗaukar sanda: a 2012 ya fara rage darajar shafukan da suka cika samansu da talla, a 2017 ya bi ta kan masu rufe wa mai waya fuska da akwati, a 2018 burauzarsa Chrome ta fara toshe tallan da ya wuce gona da iri.

Ga shaidu a fili cewa shafi marar ado na iya rayuwa. Drudge Report na Amurka, wanda ya fara fasa labarin Clinton da Lewinsky a 1998, baƙin rubutu ne a kan farin shafi da 'yan hotuna, kuma da talla ya rayu shekara da shekaru. A gida akwai Nairaland, da Seun Osewa ya kafa a 2005. Masu tsara shafi sun sha yi masa dariya, jama'a kuma ba su daina tururuwa ba. Ita ma CNN, da guguwar Irma ta tunkari Amurka a 2017, shafi na rubutu zalla ta buɗe don masu raunin sabis. Ranar da karatu ya zama dole, ado aka fara ajiyewa.

Kada dai a ɗauka ina kiran a yi aikin ganin dama. Sauƙi wahala gare shi: haruffan da dattijo zai gani ba sai ya matse ido ba, kanu mai faɗin abin da ke ciki, rubutun da ba ya tsalle daga ƙarƙashin yatsa saboda talla ya faɗo. Shafin da bai da ado amma aka cusa masa talla goma, shi ma cutar ɗaya ce.

Don haka, mai shafi, kafin ka biya cikon kuɗin aiki, ari wayar da ta fi kowace araha a gidanku, ka kashe intanet ɗin ofis, ka kunna datarka, ka buɗe shafin ka kirga uku. In labarin bai fito ba, a mayar da aiki.