Kada A Sa Guba Cikin Waken Ci

Jama'a, an gama roron wake, saura ajiya. Ga shawarata, ni mai aikin ɗakin magani: kada kowa ya zuba fiya-fiya ko gamalin cikin waken da iyalinsa za su ci. Guba ce. Wanki ba ya fid da ita duka, kuma yara take fara kayarwa, da amai da dalalar miyau, wani har ya suma.

Ƙwaron nan tun daga gona ƙwansa ke biyo wake. In ya sami iska, cikin wata guda ya hayayyafa. To, a hana shi iskar. A shanya wake ya bushe ƙayau, har ya yi ƙaras in an ciza. Kana a cika jarka ko duro har baki, a toshe gam, kada a buɗe sai bayan wata 2. Buhun PICS mai leda biyu a ciki ma aikinsa ke nan, muddin ɓera bai huda shi ba.

Mai ɗan kaɗan kuwa ya bi dabarar kakanni, watau mudun wake, mudun tankaɗaɗɗiyar toka, a gauraya cikin tulu, a rufe samansa da toka. Na cin yau da kullum uwargida ta ware shi dabam.