Masu Zama Cikin Jirgin Ruwa Da Abin Da Marubuci Zai Koya A Wurinsu



A 'yan kwanakin nan na karanta labarai da dama na sababbin marubuta, kuma abu ɗaya ya riƙa maimaita kansa. Da zarar jarumi ya yi kuɗi, sai a ɗauke shi da amaryarsa a kai su ƙasar waje, a sa su cikin jirgin ruwa, ko a ce suna yawo a wani daji mai ganye ja da rawaya. Daga nan bayani ya ƙare da "wurin ya haɗu iya haɗuwa". Mai karatu bai ji ƙamshin komai ba, bai ji sanyi ba, bai san ko da safe ne ko da yamma ba. Ra'ayina shi ne, mutanen da ke irin wannan rayuwa da gaske suna da darasi babba gare mu, amma mun ɗauki hotonsu mun bar darasin.

Bari mu duba yadda abin yake a Amurka. Akwai wata tafiya da suke kira Great Loop, wato babban zagaye, wadda ake kewaye gabashin ƙasar ta ruwa, kimanin mil 6,000. Mai jirgi yakan bi gaɓar tekun Atlantika ya yi arewa, ya shiga kogin Hudson a New York, ya ratsa magudanar Erie da aka haƙa aka buɗe a 1825, ya faɗa manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada. Daga Shikago sai ya gangaro kudu ta kogunan Illinois da Misisifi da Ohio da Tennessee har ya fito teku a garin Mobile, ya zagayo Filorida ya koma inda ya tashi. Yawancinsu shekara guda suke ɗauka, suna bin yanayi: lokacin zafi a tafkunan arewa, lokacin zubar ganye a kogunan cikin ƙasa, lokacin sanyi a Filorida.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne saurin tafiyar. Da yawa daga cikin jiragen nan ba sa wuce kilomita 15 a awa, gudun da mai keke zai iya yi ba tare da ya yi haki ba. A hanya akwai ƙofofin ruwa fiye da ɗari, inda jirgi ke shiga wani ɗaki na kankare, a rufe ƙofa, a cika shi da ruwa ko a rage, har jirgin ya daidaita da kogin da ke gaba. A manyan koguna, jiragen kaya ake fara ba wa hanya, don haka mai yawon shaƙatawa yana iya zaman jira na awoyi. Kusa da Shikago kuma akwai gadar da ba ta buɗewa, tsayinta daga ruwa bai kai ƙafa 20 ba; duk jirgin da ya fi haka tsawo dole a sauke masa abin da ya yi sama. Ka ga a nan labari yake: jira, lissafin mai, saɓanin miji da mata a kan ɗaure igiya, fargabar guguwa.

Masu tafiyar ƙasa ma haka. Hanyar Afalashiya, wadda aka kammala a 1937, ta kai kusan mil 2,200, ta ratsa jihohi 14 daga dutsen Springer a Jojiya zuwa dutsen Katahdin a Maine. Mai son gama ta a tafiya ɗaya yakan yi wata biyar zuwa bakwai da jaka a baya, yana bin alamar farin fenti da aka shafa a jikin itatuwa da duwatsu. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne ke kai wa ƙarshe. Waɗanda suka tashi daga kudu a watan Maris ko Afrilu sukan isa Maine daidai lokacin da ganye ya fara juyewa, takalma sun mutu, jiki ya rame. Jan ganyen da muke gani a hoto, su a wurinsu gargaɗi ne cewa sanyi ya kusa, a ɗaga ƙafa.

Ga abin da nake so mu lura da shi. Mutumin da ya yi tafiya a hankali ba shi da yadda zai yi sai ya kalli abu. Mai jirgin sama ya san filin tashi da filin sauka. Mai ƙafa ya san kowane tudu da gwiwarsa. Rubutu kuwa aikin mai ƙafa ne. Mai karatu yana yarda da labari ne idan ya ga ƙaramin abu da babu mai iya sanin sa sai wanda ya tsaya ya duba, ko ya zauna ya yi bincike na haƙiƙa.

Misali, me ya sa ganyen ke canja launi? Idan yini ya gajarta, bishiya takan daina sarrafa sinadarin da ke sa ganye kore. Da koren ya ja baya sai rawayar da dama can tana ciki ta bayyana. Ja kuwa sabon launi ne da ganyen ke haɗawa daga sukarin da ya rage masa, shi ya sa ya fi tsananta idan ana rana mai haske da dare mai sanyi. Marubucin da ya san wannan ba zai sa daji ya yi ja a watan Yuli ba.

Sannan akwai tarkon fassara. Mun saba kiran wannan lokaci nasu "kaka", kuma watannin sun zo kusan ɗaya, amma abin da kalmar ke tayarwa a zuciya daban ne. Kakarmu lokacin girbi ce: dammunan gero, sabon wake, rumbu ya cika, kuɗi ya shigo hannu, ana ta ɗaurin aure. A can, ko da yake su ma suna girbi, marubutansu sun fi danganta lokacin da tsufa da bankwana. Idan ka rubuta "kaka" kawai ka wuce, Bahaushe zai ji ƙoshi a inda kake nufin kewa. Dole ka gina yanayin da hannunka. Mu ma fa muna da namu abin mamakin: gawo yana zubar da ganye da damina, lokacin da kowace bishiya ke tohuwa, ya kuma yi kore shar da rani. Sau nawa muka ga wannan a labaranmu?

Na san wani zai ce, ai wannan rayuwar masu kuɗi ce. Gaskiya ne a wani ɓangare. Jirgi da mansa da kuɗin tsayawa a tasha ba ƙaramin abu ba ne, kuma da yawa daga masu zagayen nan dattawa ne da suka ajiye aiki. Wani kuma zai ce, da wane tsaron za mu shiga daji yawo? Wannan ma magana ce, kuma ba zan ce wa kowa ya jefa ransa cikin haɗari don rubutu ba. Amma tafiya a hankali ba ta buƙatar fasfo. Hawa Dala da asuba, tsallaka kogi a kwalekwale, ko takawa daga gidanku zuwa kasuwa da waya a aljihu maimakon a hannu, duk makaranta ce.

Kuma ba baƙon abu ba ne a adabinmu. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi Barth zuwa Turai a 1855, ya ba da labarin abin da ya gani da Hausa, Schön ya buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Duk sun kalli ƙasar wasu da idon gida, suna auna baƙon abu da wanda suka sani. Wannan fanni na labarin tafiya ya yi ƙaranci a rubutunmu na yau, alhali yanzu ne Hausawa suka fi yawo a duniya.

Don haka ban hana kowa kai jaruminsa cikin jirgin ruwa ba. Kai shi, amma ka san inda jirgin ya tashi, da awa nawa ya jira a ƙofar ruwa, da abin da suka ci ranar da gari ya yi nisa. Idan ba za ka iya wannan binciken ba, bar shi a Yawuri ko Argungu inda ka san ƙamshin bakin kogi. Babu abin da zai rage wa labarinka.

Aikin wannan mako: kowa ya yi tafiyar rabin awa a ƙafa a inda yake da aminci, ya dawo ya rubuta kalmomi 200 a kan abin da ya gani, ba tare da ya yi amfani da "kyau" ko "haɗuwa" ko sau ɗaya ba. A ajiye a ƙasan wannan rubutu, mu karanta mu gyara wa juna.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya yi wa alƙalumanmu albarka.